Motar da Ba a Wankewa

Morrisania, Bronx
Fabrairu, 2016

Zuwa ga Yaya Oumarou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Nafissa da yara. Yaya jikin Inna? Ka gaishe ta, ka ce mata gwiwata ta yi sauƙi, ta daina sawa ana aiko mini da man zafi, na bara ma bai ƙare ba. Na san za ka ce me ya hana ni kira. Labarin ya fi ƙarfin waya, kuma na san halinka, sai ka zauna kan tsohuwar taya ka karanta wa mutanen gareji kana ƙara gishiri.

Yaya, na bar tallar huluna da lema a bakin titi. Sanyin bana ya kusa kwantar da ni, sai Allah ya haɗa ni da wani bawan Allah, Sumani, ɗan Zangon Kumasi, da muke sallah masallaci ɗaya a titi na 116. Shi ya kai ni wajen aikinsu. Gini ne mai hawa-hawa kusa da kogin Hudson, inda masu hali ke ajiye motocin da ba sa hawa. Aikina wanki da gogewa. Sumani ya daɗe a wurin, da aikin yake riƙe da mata da 'ya'ya, amma haka ya dubi manaja ya ce in na yi ɓarna shi za a kama. Ban san da me zan saka masa ba.

Ranar farko da aka kunna fitilun hawa na uku, tsayawa na yi da bokiti a hannu na kasa motsi. Ashe duk abin da muke kira mota a Damagaram sunan kawai muke ara. Motocin suna jere, kowacce da rigar da ake lulluɓe ta da ita, an daidaita musu sanyi da ɗumi, akwai wadda ta girme ka amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Tsumman da nake goge su da shi ya fi hular Sallarka laushi.

Mafi yawansu Porsche ne, ƙirar Jamus. Sumani ya haddace tarihinsu, in ya fara ba ya jin kira. Ya ce sunan wani iyali ne, uba da ɗa, kuma motarsu ta farko a wani tsohon wurin yankan katako aka haɗa ta bayan yaƙin duniya, da hannu aka bubbuga jikinta. Daga nan suka shiga tsere ba su fita ba. Akwai wani tsere a Faransa, Le Mans, da ake kwana a yini ana gudu, ya ce ba kamfanin da ya kai su cinye shi. Ya nuna mini makullinsu yana hagun sitiyari. Wai a da direbobi da gudu suke zuwa su faɗa mota, hagu na tayar da inji dama na sa giya. Ka ji mutane, ko ƙiftawar ido ba su yarda ta wuce su ba.

Ka tuna shekarar 86, da Ralin Paris-Dakar ya ratsa garinmu? Kai kana koyon makanikanci, ka ja ni muka tsaya bakin hanya. Wata 'yar gajeriyar mota mai idanun kwaɗo ta wuce, ƙararta ta shiga mini har ciki, ka ce injinta a baya yake, duk gareji aka yi ta yi maka dariya. Yaya, gaskiyarka. Na buɗe da hannuna na gani, a baya yake, kuma ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi. Sumani ya ce Porsche ce ma ta ci ralin a shekarar. Ka nemo waɗanda suka rage cikin masu dariyar ka karanta musu wannan wurin sau biyu.

Ana shirin baje kolin tsofaffin motocin tsere a nan, wasu a wajenmu za su sauka. Zan rubuto maka abin da na gani.

Ka gaida kowa da kowa.
Ƙaninka,
Hamidou


Morrisania, Bronx
Maris, 2016

Zuwa ga Yaya Oumarou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya gida, ya aiki, ya Inna. Wannan kada ka karanta wa kowa, kuma kada Inna ta ji. Na yi ɓarna, Yaya, kuma ba ni kaɗai ta shafa ba.

Ranar Juma'a ni da Sumani karɓa-karɓa muke yi, shi ya tafi masallacin da ake fara tayarwa, in ya dawo ni in tafi na baya. Na sauko na tarar an sauke wata mota a wurin wanki. Ban taɓa ganin datti irin wannan a ginin nan ba. Busasshen taɓo ya rufe ta har gilashi, fitila ɗaya a fashe, jikinta duk takardun talla da rana ta cinye. Na zagaya gabanta sai na ga allon lambar ralin, an rubuta Paris, Alger, Dakar, 1986. Ban ce ita ce wadda ta wuce mu ba, Allah kaɗai ya sani, amma 'yar uwarta ce, idanun kwaɗon nan da komai.

Na buɗe ƙofa, sai ga yashi. A ƙasan kujeru, a aljihun ƙofa, ko'ina. Na ɗiba na murza a hannu, na shinshina. Yashinmu ne, Yaya. Shekaruna goma sha biyu ban taɓa ƙasar gida ba, sai ga ta ta biyo ni har Manhattan. Na zauna a bakin ƙofar hawaye na zuba, ban ma san sun zo ba.

To ka san yadda Inna ta raine mu. Baƙo ba ya shiga cikin mutane da dattin hanya, ruwa ake fara kai masa kafin abinci. Na ce wannan baƙuwa ta ratso ƙasarmu, za a kai ta gaban manyan mutane, a ce kuma ɗan Damagaram yana wurin ya bar ta haka? Ai abin kunya ne a kaina. Yashin cikin na share shi a hankali na zuba a gwangwanin madara, don ban iya zubar da shi a shara ba. Sannan na haɗa ruwan ɗumi na kama gefen dama. Ban taɓa wanki da zuciya ɗaya irin na ranar ba, har waƙa nake yi.

Na gama gefe guda ke nan Sumani ya shigo. Ihun da ya yi, na ɗauka gobara ce. Ya ɗora hannu a ka yana salati yana haɗawa da Turanci da yaren Asante. Ashe dattin shi ne motar. Tun ranar da ta isa Dakar ba a taɓa sa mata ruwa ba, shekara talatin ana lallaɓa taɓon nan, a rufaffiyar babbar mota ake ɗaukar ta don kada iska ta kaɗe shi. Mutane daga nesa suke zuwa su ga ƙasar Sahara a jikinta. Manaja ya gaya wa Sumani kada a taɓa ta, shi kuma saurin masallaci ya mantar da shi ya gaya mini.

Manaja bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Fuskarsa ta yi fari, ya karɓi makullanmu, ya ce mu zauna a gida har mai motar ta zo ta gani. Wata tsohuwa ce, mijinta ne ya yi tseren da ita, ya rasu bara. Abin da ya bar mata ke nan, ni kuma na wanke rabinsa na tura a magudana.

Na ce wa Sumani zan sa ka aiko da buhun ƙasa daga hanyar Gure mu kwaɓa mu shafa. Ni kaina da na faɗa na ji wautar abin. Nawa aikin ban damu da shi sosai ba, titi yana nan, na saba. Amma mutumin nan ya tsaya mini, yanzu yana zaune a gida matarsa na tambayarsa. Jiya a masallaci ya matsa mini wuri a sahu kamar ba abin da ya faru, wannan ya fi zagi ciwo.

Ka sa mu a addu'a.
Ƙaninka,
Hamidou


Morrisania, Bronx
Afrilu, 2016

Zuwa ga Yaya Oumarou,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, da Inna, da mutanen gareji. Na ji saƙonka ta bakin Haruna ɗan garinmu, na gode da addu'a. Wannan kam ka tara su ka karanta, ba ta buƙatar gishirinka.

An kira mu ranar da mai motar ta zo. Na ɗauki gwangwanin na tafi da shi, don ba nawa ba ne. Madam Odile sunanta, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda, Bafaransa ce amma ta daɗe a New York. Ta fara zagayawa ta hagu, inda taɓon yake, ta shafa rufin. Da ta zagayo dama sai ta tsaya cak. Ta daɗe a tsaye, manaja na ta ba da haƙuri ba ta ko dube shi ba.

Sai ta nuna ƙofar da sandarta. Lokacin wankin na ga wani rubutu ya fito a ƙasan gilashi, ban kula ba. Sunanta ne, Yaya, da nau'in jininta a gefe, yadda ake rubuta wa masu tsere saboda haɗari. Ashe tare suka yi tafiyar. Shi yana tuƙi, ita tana kujerar dama da taswira da kamfas, ita ke faɗa masa inda zai bi.

Da ta ji na iya Faransanci sai ta manta da manaja. Ta ce ba su ci komai a ralin ba, su ba 'yan kamfani ba ne, da kansu suka shiga, sun dai kai Dakar, kuma a shekarar mafi yawan waɗanda suka taso ba su kai ba. Ta ce a hamadar Tenere sun yini ba su ga itace ko sawun taya ba, sama da ƙasa sun haɗe, mijin ya rantse hagu za a bi ita ta ce dama, kuma da an bi tasa da har yanzu ana neman su. Ta ce da suka dawo ya hana a wanke motar, sai dai ya sa babban yatsa ya goge daidai sunansa a ƙofar hagu don mutane su karanta. Gefen dama kuwa kullum bango yake kallo. Ba mugunta ba ce, in ji ta, bai dai taɓa tunawa ba, ita ma har ta saba ana cewa motar mijinta. Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ba ta ce na kyauta ba, kada in yi maka ƙarya. Ta ce abin da ya tafi a magudana ba zai dawo ba, kuma da mijin na raye da sai an riƙe shi. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata zancen Inna da ruwan baƙo. Sai ta ce ta tuna, a Zinder, wato Damagaram ɗinmu, wata mata ta kawo mata ruwa a ƙwarya tun kafin ta cire hular kwano. Ta juya ta gaya wa manaja a bar motar yadda take, gefensa da taɓo gefenta a wanke, kuma a wajen baje kolin a ajiye ta a tsakiya inda za a zagaya. Ta ce in har an kori ko mutum ɗaya saboda wannan, za ta kwashe motarta a ranar. Sumani ya koma aiki washegari. Ni ma an mayar da ni, sai dai yanzu ba na ɗaukar bokiti sai manaja ya nuna mini mota da yatsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Saura abin da ya sa na ce ka tara mutane. Makanikin da ke kula da motar yana wurin, ta ce a tayar da ita. Ta ba Sumani sandarta ta shiga mazaunin direba, inda ta ce ba ta taɓa zama ba, ta ce ni in shiga nata wurin. Ta kai hannun hagu ta murza makulli. Yaya! Ƙarar nan ce. Ita ce dai, wadda ta shiga cikina a bakin hanya, ta cika ginin har rigunan sauran motocin suna rawa. Tsohuwar da ba ta iya tsallaka dakali sai da sanda ta sa giya ta haura da mu hawa na biyu ta zagayo, ni ina riƙe da ƙarfe ina ambaton Allah. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam basirar ƙera wannan abu. Na so a ce kai ne a kujerar, kai ka fi ni cancanta.

Da muka tsaya na miƙa mata gwangwanin, na ce yashin motarta ne. Ta buɗe, ta ɗebi rabi ta watsa a ƙasan kujerar mijinta. Sauran ta rufe ta mayar mini, ta ce wannan can ma aro suka yi, ƙasarmu ce.

Yana nan kan taga kusa da dardumata. Ka gaya wa Inna ta daina cewa na manta gida. Kullum da asuba sai na buɗe na sa hannu a ciki kafin in fita.

Ka gaida Nafissa da yara. Allah ya sada mu da alheri.
Ƙaninka mai kewarku,
Hamidou