Koriyar Safa

Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Kaina zai fashe. Damina ta zauna, kowa maganin ciyawa yake nema, waya ba ta barina in sha ruwa. Na dawo gida kuma Zahra da waƙoƙin katun ɗin nan na zabbi da kunkuru. Tun bara take kallonsa, yanzu makarantarsu za ta yi shi a dandamali ranar Asabar, da kiɗa da rawa. Ita zabuwa ce. Shekara tara, amma muryarta har bakin titi.

Zenaba, uwarta, ta kira daga Yola, ba za su bar ta ta baro kwas ɗinta ba. "Baban Zahra, ka ɗaukar mini ita tun daga farko har ƙarshe." Na ce an gama.

Duk zabbin fuskar kwali za su sa. Sai na yi dabara, na sayo mata koriyar safa don in gane ta a cikinsu. Na yaba wa kaina.

Alhamis, 17 ga Yuli

Zahra ta biyo ta shago da gudu tana faɗa mini wani abu, ga Bobboi na Duvu a waya yana rigima kan maganin da aka kai masa. Na ce mata, "To, madalla, je ki gida."

Asabar, 19 ga Yuli

Ban san ta ina zan fara ba.

Na tafi da Iya, mahaifiyata, duk da idonta ba ya gani sosai. Zauren ya cika, fanka ɗaya ke aiki. Na zaci shirmen yara zan gani, wallahi na sha mamaki. Malam Philemon na kan piyano, manyan ɗalibai na ganga, an yi rafi da shuɗin yadi yara biyu na kaɗa shi. Abin da na saba ji a waya kamar kukan sauro, ga shi da mutane masu numfashi, har katakon dandamalin na amsa ƙafafunsu. Da zabbi suka fito na hango koriyar safa. Na ɗaga waya, ban sauke ba har hannuna ya yi tsami.

A labarin, fari ne ya kori zabbi neman ruwa, suka bar kunkuru a baya don ba ya sauri. Sai kunkurun ya rarrafo gaba da bahon roba a bayansa, ya yi waƙa shi kaɗai, wai ku jira ni, ina tafe. Zauren ya yi tsit. Iya na ta share ido da mayafi, na ce a raina tsufa ne. Ni haushi ma nake ji, ya tare mini koriyar safa, sai leƙe nake ta gefensa. Har ɗaga hannu ya yi ta wajenmu.

Da aka gama suka jeru suka cire fuskokin. Mai koriyar safa Purity ce, ƙawarta. Kunkurun ya cire tasa. Zahra.

Mutane suka miƙe suna tafi. Ni na kasa tashi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Justice, yaron da aka ba kunkuru, hangum ya kama shi ranar Laraba, aka ba Zahra. Abin da ta zo faɗa mini a shago ke nan. Safar kuma ta ara wa Purity, tunda kunkuru ba ya sa safa.

Na kalli bidiyon a bayan shago. Purity ce daga farko har ƙarshe. 'Yata sai gefen baho da ke shigowa yana fita. Muryarta ta fito tas, amma a tsakiyar waƙar ga tawa muryar: "Kai, wannan kunkurun ya matsa mana mana!"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Zenaba ta kira. Na ce netwok ne ya hana bidiyon tafiya. Zahra ma ta ce in nuna mata, na ce babu caji.

Litinin, 21 ga Yuli

Na tambayi Iya yadda aka yi ta gane ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Babakura, yarinyan da nake ji kullum? Yana buɗe baki na sani. Kai kunnenka yana ina?"

Gaskiyarta. Kunnena yana kan waya.

Talata, 22 ga Yuli

Na je wurin Malam Philemon in ji ko makaranta ta ɗauki bidiyo. Ya ce, "Oga, ni hannuna biyu na kan piyano. Kowa ya ɗauki yaronshi ne." Na bi iyaye uku huɗu. Haka ne, kowa nasa ya ɗauka. Ni kaɗai na ɗauki na wani.

Ashe Mairamu, uwar Purity, tana bakin aiki ranar, ba ta samu zuwa ba. Labari ya kai mata, ta zo shago na tura mata. Ta tsaya nan tana kallo tana dariya da hawaye. "Baban Zahra, Allah ya saka maka, ka yi ƙoƙari sosai!" Da yamma ta aiko mana da ɗanyar masara cike da kwano. Na kasa ci.

Alhamis, 24 ga Yuli

Sai yau na lura. Gidan nan shiru. Tun Asabar ba ta yi waƙa ba, ko a wurin wanke-wanke. Bahon kunkurun yana bayan kicin, ruwan sama ya taru a ciki.

Na kira ta, na fara kame-kame kan wayar. Ta katse ni, idonta a ƙasa.

"Baba, na sani. Ta ramin idon fuskar ana ganin kowa. Wayarka Purity take kallo."

Na ce ai safar ce.

"Na ɗaga maka hannu."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce ta yi haƙuri, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake ce wa baƙo. Na ce ta sake yi mini a tsakar gida in ɗauka. Ta ce ta manta waƙar.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na faɗa wa Zenaba gaskiya. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Turo mini hakanan, ai zan ji muryarta." Na tura, har da tawa muryar a ciki. Ba ta ce komai a kai ba tukuna.

Asabar, 26 ga Yuli

Ban fita da wuri ba. Na zubar da ruwan bahon, na wanke shi, na ɗinke igiyar da ta tsinke, na jingine shi a rana. Ba don komai ba, baho ne mai kyau.

Ina goge babur sai na ji bakina na yin waƙar kunkurun. Na saurare ta a bidiyon nan har ta zauna mini. Muryata kamar ana jan buhu a siminti, Iya har da toshe kunne. Na yi baitin farko, na shiga na biyu.

Daga cikin ɗaki aka ce, "Ba haka ba ne."

Na sake yi, na ƙara ɓata shi. Wannan karon da gangan, ina jin.

"Baba! Ba haka ba ne. A hankali ake yi, kunkuru ne fa."

Ta fito bakin ƙofa ta yi mini layin, ƙasa-ƙasa, tana kallon bahon. Ta wuce zuwa na gaba. Waya ta fara ruri a aljihuna, na san Bobboi ne. Zahra ta dakata da waƙar, ta dubi aljihun.

Wayar ta yi ta ruri har ta gaji. Hannuna da baƙin mai ne, shi ya sa.

Na ce, "Daga ina muka tsaya?"