Sandar da Ta Faɗi a Kurayyat

Zuwa ga matata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, hankalina ne dai ya ƙi kwanciya.

Kin san Othman, maƙwabcin shagonmu a unguwar Balad, haifaffen nan Jidda, wanda kakanninsa suka zo hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa. Duk Jidda shi kaɗai ke nemana in bai gan ni ba. Ya gayyace ni bikin ɗansa a unguwar Kurayyat, aka yi wasansu na mizmar: ga ganguna, ga masu tafi, maza biyu a tsakiya suna juya sanduna. Rabi, jinina ya motsa! Kin san ni da sanda tun ina kiwo. Aka miƙo mini ɗaya, na shiga gaban yayan Othman, dattijo Abdulelah. Ya kaɗa tasa kusa da kaina, na ɗauka karawa yake nema irin ta gida. Bugu ɗaya, tasa ta tashi sama ta faɗi. Ina jiran guɗa, sai ganguna suka yi tsit. Ashe rawa ce kawai ake yi, na ci fuskar babbansu a gaban unguwa.

Tun ranar Othman ko kallon shagonmu ba ya yi. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Kassimu

Rabi tawa,

Sallama da fatan kuna lafiya. Na san kin sha dariya, Allah ya yafe miki.

Haƙuri ya ƙare mini, na je gidan dattijon na durƙusa a ƙofa. Ya bar ni nan har gwiwoyina suka mutu. Da ya fito, da Hausarsa mai rabin Larabci ya ce halas, ya yafe, amma muddin yana raye ba ni ba sanda a wasansu. Aikina gasa wa makaɗa ganguna a bakin wuta.

Ni da ba a taɓa zubar mini da sanda ba a garinmu! Ya yi mini ciwo wallahi, amma na amsa.

Jiya aka yi wani biki, na tsuguna ina gashi, hannuna sai ƙaiƙayi yake. Can sai ga Othman ya baro layin masu tafi da farar rigarsa, ya tsuguna kusa da ni, ya ture ni da kafaɗa, ya hau ni da faɗa wai zan ƙone musu fata. Rabi, ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Ki gaida Inna da yara.

Naki har kullum,
Kassimu