Ina Jin Tarin Injin Abokina a Ranar Hutun Kogi

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara. Abin nan ya fi ƙarfin wayona, ni kuwa da wayo nake ci.

Sana'ata sayar da injin ban ruwa da gyaransa, shekara ashirin da biyu ke nan. In kika shigo shagona sayen tiyo, da inji za ki fita, kina ma yi mini godiya. Kusan duk injin da ke bakin kogin garinmu ta hannuna ya bi, kuma na san muryar kowanne.

Wajenmu ruwan sama ba ya yawa. Kogi ɗaya ne siriri, ya ratsa gonaki, ya je ya ƙare a wata fadama can ƙasa. Da injuna suka yi yawa, sai ruwan ya daina isa. Kifi ya ƙare, agwagin ruwa suka bar zuwa, rijiyoyin mutanen can kullum sai an ƙara wa guga igiya. Yayata tana cikinsu, ciyawar fadamar take yanka tana saƙa tabarma. Ban taɓa cewa laifina ne ba. Na dai rage zuwa gidanta.

Bana manoma da mutanen fadama suka zauna, aka yanke cewa duk Talata da Laraba kowa ya kashe inji, a bar kogi ya wuce. Wanda aka kama, a ɗauke injinsa har ƙarshen rani. Wa aka ɗora wa sa ido? Mai kunne, wato ni. Tun ranar, masu zaman hira a ƙofar shagona suka koma ɗaga mini hannu daga tsallaken titi.

Mutum ɗaya ya rage, Gajere. Tun rasuwar matata, yara kuma kowa ya kama gabansa, shi ke zuwa kullum da azahar mu ci abinci kwano ɗaya. Yana da kujerarsa ta roba, mai karyayyar ƙafa da na ɗaure da waya. Ya kira ni ɓarawo mai rasit, in ce masa barkonon da yake nomawa ya fi shi tsawo. A yini guda, nan kaɗai nake dariya.

To, Laraba uku ke nan a jere ina jin injinsa, da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa. Ba mai ji sai ni, don ya sa shi cikin rami ya rufe da buhunan yashi. Malama, ni na koya masa dabarar nan, lokacin da mahaifiyarsa ke jinya ƙarar tana hana ta hutawa. Amma injin yana da wani ɗan tari da yake yi jefi-jefi, ko a ƙarƙashin ƙasa na san shi. Sai Gajere ya kashe shi, ya taho shago ya zauna, da ɗanyar laka a bakin wandonsa. Ya san na sani. Yanzu shiru muke ci, ko zagin ma babu.

Ba mugu ba ne. Gonarsa yashi ce zalla, kwana biyu ba ruwa barkono ya sunkuyar da kai, ga baki tara a gidansa. Amma ran Asabar Yaya ta aiko mini da wata 'yar tabarma da ko yaro ba zai miƙe a kai ba, wai iyakar ciyawar da ta samu ke nan.

Alhamis za a zauna a tambaye ni ko na ji wani. In na faɗa, kujerar nan ta zama fanko. In na yi shiru, da wane ido zan dubi Yaya? Baki bai taɓa ƙare mini a kasuwa ba, yau ya ƙare.

Naki,
Mai Kunnen Inji

Amsa

Malam Mai Kunne, na ji damuwarka, kuma na lura da abu ɗaya. Ka yi magana da ni, wadda ba ka taɓa gani ba, amma ba ka yi da mutumin da kuke sa hannu a kwano ɗaya ba. Abotar da kake tsoron rasawa ran Alhamis, shirun nan ya riga ya fara cinye ta.

Gajere yana da gaskiyarsa, shuka a yashi ba ta jure kwana biyu. Yayarka ma tana da tata. Fadamar nan ita ke riƙe da rijiyoyi, in ta mutu ba tabarma kaɗai za a rasa ba, wata rana injunan ma laka za su zuƙa. Kada ka yi wa taron ƙarya. Ranar da aka gano mai sa ido yana da na gaban goshi, kowa zai haƙa raminsa.

Ka je gonarsa gobe, kada ka jira shi a shago. Ka faɗa masa ka ji, kuma in aka tambaye ka ba za ka ɓoye ba. Sannan ka tsaya ka yi aiki. Ramin da ya ɓoye inji, ku faɗaɗa shi, ku shimfiɗa leda, ya cika shi da ruwa ran Litinin ya riƙa shayar da barkonon da bokiti a ranakun hutu. Ku rufe gindin shukar da busasshiyar ciyawa. Ka lallashe shi ya miƙe a taron ya faɗa da bakinsa, kai kuma ka roƙi a yi masa afuwa, a duba halin masu gonar yashi baki ɗaya. Bakin da ya sayar da injunan nan zai iya wannan.

Ran Juma'a kuma ka je ka ga Yaya. Tabarmar nan ba don zama ta aiko ta ba, kiranka take yi.

Zai yiwu Gajere ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Kada ka shigar da kujerarsa. Ka ci gaba da fitar da ita kullum da azahar, inda zai hango ta daga titi. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya kai ruwan nan har fadama.