Ƙwayar Gyaɗar Baba

Kebbe, Disamba 1963

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Kaduna. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu, matata Atu ma ta samu sauƙin ƙafarta.

Na san hankalinka na kan Inna. Tun da ka koma bayan rasuwar Baba ta bar cin abinci, sai kurɓar ruwa, har wuyanta ya zama kamar sillen kara. Na ce in kai ta wurin likita a Tambuwal, ta ce mai takaba ba ta yawo. Wallahi Yaya, na fara fid da rai.

Ka tuna 'ya'yan kurege biyun da Baba ya tono a gona bara? Mai lafiyan nan da kowa ke ɗauka yana shafawa, da ya girma sai ya canza hali, ya gantsara wa Atu cizo ya shige daji, ko sallama babu. Shi kuwa ɗan masifan da ke ɓuya bayan turmi, wanda ka ce a jefa wa kyanwa, shi ya zauna. Baba bai taɓa kama shi ba. Zama kawai yake yi, ya ɓare gyaɗa, ya ci ƙwaya ɗaya, ya miƙa masa ɗayar a tafin hannu. A haka ya saba, har yana hawa kafaɗarsa.

Da Baba ya rasu, kuregen ma ya ƙi ci. Na zuba masa gyaɗa a ƙwarya, ya dube ni kamar na zage shi. Ran nan da hantsi sai ga shi a ɗakin Inna, ya hau tabarmarta, don ita kaɗai ce mai zama shiru a gidan nan. Ta ɓare gyaɗa ta miƙa masa ƙwaya biyun, ya tsaya tsaye a kan ƙafafunsa yana kallon bakinta. Sai da ta jefa ɗaya a baki ta tauna, sannan ya karɓi tasa. Ina bakin ƙofa ina kallo. Ikon Allah! Dabbar da ba ta kai damtsena ba ta yi abin da ya gagare mu duka.

Yanzu kullum sai sun ci tare, jiya ma ta ce a dama mata fura. Da na tsokane ta cewa ta yi sabon aboki, ta ce duk zamansu da Malam, wato Baba, kunya ba ta bar ta ta ci ko loma a gabansa ba, ga shi yau ita ke cin rabonsa. Na fita na yi kukana a bayan rumbu.

Ka gaida Zahara'u da yara. Inna da Atu suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Baba.

Ƙaninka,
Lauwali