Yana Ina Lokacin da Ake Zuba Gishiri?

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga mahaifiya, ina fatan makwancinki ya yi fili da haske. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya sha mini kai, ke nake fara nema.

Kin tuna la'asar ɗin Juma'a a gidanmu na Gardole? Ki baje tabarma gaban tele, kina yanka kuɓewa, muna kallon gasar girkin nan ta Turawa. Faransancinki bai wuce na gaisuwa ba, amma kafin in fassara miki kin riga kin faɗi wanda za a kora. Shekara talatin kina girkin bukukuwan unguwa, me za su ɓoye miki?

Akwai babban kukun nan mai jan fuska da ke wurgi da faranti. Ni burge ni yake yi. Ke kuwa sai ki ja tsaki ki ce, "Shi yana ina lokacin da ake zuba gishirin?"

Yanzu mutum shida nake shugabanta a biro, wato ofishinmu, muna haɗa manhajar kwamfuta. Abin da kike yabawa a shirin na ɗauka. Kowace safiya sai mu tsaya, kowa ya faɗi abin da ke kan wutarsa, in an ba da aiki a amsa da baki don a san an ji. Har tsokanata suke yi wai na mayar da biro kicin.

Sai dai, Inna, na kwaso har da halin mai jan fuskar. Ashta, wadda ta fi kowa iya aiki a cikinmu, ta yi mako uku tana rubuta wani sashe. Sau biyu tana roƙona in duba mata, ina cewa sai ta gama. Ranar da muka nuna wa waɗanda suka ba mu aikin, manhajar ta tsaya cik daidai kan sashen nata. Na wanke ta tas a gaban kowa. Washegari takardarta ta barin aiki na tarar a kan teburina.

Ke ba haka kike yi ba. Tukwane goma a kan murhu, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da ludayi tun miya ba ta nuna ba, ki raɗa wa mai tukunyar gyaranta a kunne.

Jiya na hau klando, babur ɗin haya, har gidansu a Digel. Na gaya mata laifina ne, kuma na riga na faɗi haka a gaban waɗanda suka ga na kunyata ta. Ta zuba mini shayi. Ta ce ta yafe, amma ba za ta dawo ba. Har bakin titi ta rako ni, tana riƙe mini jaka.

A kan babur na yi ta kuka, ban ma san na rashinta ba ne ko na kewarki.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haɗa mu a Aljanna. Ita kuma Ashta, Allah ya ba ta shugabar da ta fi ni.

Ɗiyarki mai kewarki,
Zuwaira