Hajiya, Fiffiken Nan Bai Karye Ba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida a Damagaram, ina yi miki albishir: matar ɗanmu Hamisu ta sauka ranar Talata, an samu mace. Sunanki za a sa mata. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba, har makanikan unguwarmu ta Manshiya sun gaji da jin labari.

Hamisu ya ce ya kira ki ya roƙe ki ki zo, kika ce a gaida jaririya, amma ke da jirgin sama har abada. Hanyar mota kuwa, ni da na shekara talatin ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Sabha ba zan yarda gwiwoyinki su bi ta ba. Jirgin ne kawai ya rage.

Na san abin da ya tsorata ki. Ranar da muka dawo daga aikin hajji kina gefen taga, jirgi zai sauka, kika ga bayan fiffike ya zazzago ƙasa, wasu faya-fayai sun miƙe a kansa, har kina hango ƙasa ta tsakani. Kika damƙe hannuna kina salati, kina cewa, "Malam, ya karye!" Na yi miki dariya a gaban mutane. Ki yafe mini. Ni ma ban san mene ne ba, dariyar ta rufin asiri ce.

Shekaranjiya na ɗauki littafina na karatun manya, wanda kike tsokanata da shi wai tsoho ya koma lakwal, ya zama ɗan makaranta, na tafi wurin maƙwabcinmu Alhaji Muftahu, Balaraben nan da ya yi ritaya daga gyaran jirage a filin jirgin Tamanhint. Ya zana mini fiffiken jirgi yana bayani, na rubuta da hannuna.

Abin da kika ga ya zazzago, direban jirgi ne ya sauke shi da gangan. Yana ƙara wa fiffike faɗi don jirgi ya iya rage gudu ba tare da ya faɗo ba. Faya-fayan da suka miƙe kuma birki ne na iska, suna danne jirgi a ƙasa. Ƙugin da kika ji a ƙarƙashin kujera, tayoyi ne suke fitowa.

Na tambaye shi lanƙwasar da fiffike yake yi a sama. Ya ce haka aka ƙera shi. A cikinsa akwai dogon ƙarfe kamar ƙashin baya, da haƙarƙari jere, yana lanƙwasa ya dawo kamar reshen dabino. Ya ce wanda ba ya lanƙwasa shi ne abin tsoro. A bakin kowane fiffike kuma akwai ɗan marfi, wannan ya ɗaga wancan ya sauka, jirgi ya karkata ya yi kwana. Wutsiya ma da nata aikin, amma a nan shayi ya iso, ban rubuta da kyau ba.

Hajiya, yarinyar nan goshinki ta ɗauko. Surukarki ba ta da uwa a garin nan, maƙwabta ne ke dafa mata ruwan wanka. Ni na iya riƙe jaririya, amma ban iya komai ba bayan haka.

Ban ce zanen takarda zai cire miki tsoro ba. Shi ya sa na sa Hamisu ya nema mini wuri a jirgi bayan suna. Ni zan fara hawa, a gefen taga, in duba ko Alhaji ya faɗi gaskiya, in zo har ƙofar gida in ɗauko ki. A dawowa ki zauna a tsakiya, ki riƙe hannuna yadda kike so. Ba zan yi dariya ba.

Allah ya raya takwararki, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ki goya ta kafin ta fara zama.

Naki,
Malam Idi Direba, Manshiya, Sabha