Tirigar da ta ƙi layin Kawu Ilu

Magariya, daren Talata

Idona kamar an zuba barkono. Tun la'asar nake kan ordinatar, kwamfutar ofis, rezon intanet yana zuwa yana ɗaukewa.

Duk a kan tiriga ɗaya ne, ƙa'idar nan da Shef, maigidana a ofis, ya sa na ɗora wa baz ɗinmu, ma'ajiyar sunayen makiyaya: da an shigar da nimeron waya, in ba na Nijar ba ne, sai ta tashi da kanta ta ƙi shi. Yau na duba, ashe mutanen Dogo-Dogo kusan duka ta watsar. Can layin Najeriya ne ke kamawa, kowa ya sani. Jibi kuma za a tura saƙon allurar ciwon huhun shanu, wanda ba ya cikin baz ba zai ji ba.

Kawu Ilu ya kira ni daga Dogo-Dogo. "Kai ɗan nan, an ce injinka bai san ni ba. Ko shanun ma sai sun yanki katin ɗan ƙasa?"

Na ce wa Shef, "Ranka ya daɗe, ciwon huhu ba ya tambayar nimero."

Ya ce, "Kai da ka koyi aikin a waya za ka gyara mini tsari? Kar ka taɓa."

Bayan isha'i na taɓa. Na gyara tirigar ta karɓi layukan biyu, na mayar da sunayen, na jira har suka hau intanet. Baz ɗin tana rubuta sunan duk wanda ya canza abu, da safe nawa Shef zai fara gani. Wataƙila aikina ya ƙare ke nan. Ko baƙar maganar da zan mayar masa na kasa shiryawa, barci nake ji.